Inda Babanku Yake Zuwa Ranar Asabar

Zuwa ga yayan Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka garin Yanbu lafiya. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da abokan zama na kirki, ya sa ka shiga sabon aikin nan da ƙafar dama.

Ni nake faɗa, Ummi take rubutawa, tunda ita ce ta yi firamare a Kano wurin kakarku. Ta ce me zai hana in yi maka saƙon murya a waya. Na ce a'a, muryata ba za ta kai ni ƙarshe ba. Na san kana karanta Hausar boko a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Hakan ya fi min, don ba za ka tsallake komai ba. Za mu sa takardar a jakarka, ƙarƙashin ledar yaji da dabino.

Kai ne ɗan fari. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da kai ba. Haka aka rene mu. Yaran da aka haifa a nan Madina dariya suke yi mana, su ce wace irin uwa ce take jin kunyar ɗanta. Ni kuwa na riƙe abin da hannu biyu. Amma yau kunyar nan tana neman ta ci min ɗa, saboda haka na ajiye ta.

Na san kana shan giya.

Ranar da nake share ɗakinka na ga gorar ruwa a bayan katifa. Na ɗauka zan zuba wa na'ana'ar da ke bakin taga. Ina buɗe murfin na ji warin. Ban tambayi kowa mene ne ba. Na san warin nan kamar yadda na san warin albasa, domin na zauna da shi shekaru a ɗaki ɗaya. Babanku ya sha giya, ya daɗe yana sha.

Nan Ummi ta ɗaga biro ta dube ni, ita ma yau ta fara ji. Na ce ta ci gaba. Babanku da kansa ya ba ni izini in faɗa maka komai.

Ya fara ne tun kafin in zo Madina, lokacin yana zaune da gwauraye 'yan'uwansa, yana ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi. A lokacin aikin hajji sai su wuni suna ɗaga akwatuna har bayansa ya ƙi miƙewa. Wani abokin aiki ya ce yana da abin da ke sa barci. Irin wadda ake dafawa a ɓoye ce, fara tas kamar ruwa, a gorar ruwa ake sayar da ita. Da na zo da kai a goye, muka kama ɗaki a Harra ta Gabas, na tarar abin ya riga ya kama shi.

Ka san me na yi? Turare na kunna. Duk ranar da ya shigo yana tangaɗi sai in hura gawayi, in zuba turaren wuta, in cika gida da hayaƙi. Har maƙwabciyarmu Hajiya Sa'a, 'yar Damagaram ɗin nan, take tsokanata ta katanga.

"Ke Bakanuwa, kullum gidanki kamar na amarya! Ko wata dabara ce kike ɓoye mana?"

Sai in yi dariya in ce, "Hajiya, ai maigida ne mai son ƙamshi."

In bai fita sallar asuba ba in ce ciwon kai. In bai je aiki ba in ce zazzaɓi. Ina ganin rufin asiri nake yi, kuma ina jiran lada. Ban gane ba sai daga baya, ashe shimfiɗa nake gyara wa ciwon don ya ji daɗin kwanciya. To ka ji, a Yanbu za ka samu masu yi maka irin turarena. Abokin da zai ce wa shugaban aiki ba ka da lafiya, wanda zai miƙo maka hel, ƙwayar ƙamshin nan da ake sa wa gahawa, ka tauna don warin baki. Kada ka ɗauka masoyinka ne. Ni ma ina son babanku, kuma da sona na kusa kai shi kabari.

Da abin ya ishe ni, sai na ce mu je Harami. Muka yi salla, muka fito harabar masallaci, na sa shi ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai sake ba har abada. Ya rantse yana kuka, kuma da gaske yake. Ya yi 'yan makonni bai sha ba. Ranar da ya karya rantsuwar, sai ya zama ba giya kaɗai ke damunsa ba. Ya daina zuwa jam'i. Na ce masa an kira salla, ya ce, "Da wace fuskar? A garin Manzo na rantse, a garin Manzo na karya." Daga nan shan ya ninka. Ni na ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, na koma gefe ina mamakin faɗuwarsa. Kada ka yi wa kanka haka. Kada ka rantse da har abada. Ka roƙi Allah ya raba ka da ita yau, gobe ka sake roƙo. Kuma ko ka faɗi, kada ka bar salla. Marar lafiya ai shi ya fi bukatar ƙofar Ubangijinsa.

Abin da na yi bayan wannan shi ne ya fi tsorata ni har yanzu. Wata Alhamis na tattara gorunan duka na zubar a bayan gida, na kulle ƙofa, na sa makullin a lalitata. Na ce ba fita sai ta bar jikinsa. Washegari ya fara rawar jiki. Gumi kamar an watsa masa ruwa. Ya riƙa nuna bango yana cewa ga ƙwari nan suna saukowa. Ina tsammanin aljanu ne, ina ta tofa masa addu'a ina shafa masa zamzam. Sai ya faɗi yana shure-shure. Hajiya Sa'a ce ta kira motar asibiti.

A asibiti likita ya tambaye ni da Larabci, na ce ciwon suga ne. Sai aka kira wata likita 'yar Najeriya, Bazazzagiya, don ta yi mana tafinta. Ta duba shi, ta dube ni, ta ja ni gefe.

"Hajiya, ni ba 'yar sanda ba ce. In kika ci gaba da ce min suga ne, zan ba shi maganin suga, ki koma gida da gawa. Yaushe rabonsa da sha?"

Na faɗa mata. Ita ce mutum ta farko da na taɓa faɗa wa. Ta ce wanda jikinsa ya saba sosai, in aka yanke masa lokaci guda ba tare da likita ba, abin yana iya kashe shi. Saboda haka ka ji ni da kyau. Na lura hannunka yana rawa da safe in za ka ɗauki kofin shayi. Kada ka kulle kanka a ɗaki ka ce za ka nuna mazantaka. Ka fara da likita, kuma ka gaya masa gaskiyar yawan abin da kake sha. Kada ka rage ko kaɗan.

Ranar da za a sallame shi, likitar nan ta sake jan hannuna. Ta ce magani ya yi nasa, saura abin da magani ba ya yi. Ta ce akwai wani zama da mazan da suka bar sha suke yi duk mako. Ba wa'azi ba ne, ba kotu ba ce. Suna zama ne kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, wanda ya daɗe da bari ya riƙe hannun sabo. Ta ce a je sashen da ke kula da masu shaye-shaye a tambaya, za su nuna wurin.

Na ce, "Likita, in wani Bahaushe ya gan shi fa? Kafin la'asar labari ya kai Kano."

Ta ce, "To shi wanda zai gan shi a can, sayen tumatir ya je?"

Na yi dariya don kunya, amma maganar ba ta shige ni ba. Ina tsoron bakin mutane, ina tsoron kada abin ya taɓa iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan. Sai na haɗiye maganar. Ban gaya wa babanku ba. Ya dawo gida ba shi da kowa sai ni, ni kuwa ban san komai ba sai turare da faɗa. Kafin azumi ya zagayo ya koma ruwa.

Ka tuna wani mari da na taɓa yi maka kana ƙarami? Ka shigo daga ƙwallo a lungu, ƙafafunka duk baƙar ƙurar Harra, kana haki. Ka ga gora a gefen kujera ka ɗauka, har ka kai baki. Na doke ta daga hannunka, na kwaɗa maka mari. Ka tsaya kana kallona, ka ce, "Ruwa kawai zan sha." Na ɗauki gorar na koma kicin. Na san ka riƙe abin a ranka, don daga ranar ka daina shigowa kicin wurina. Ka yafe min. Ba kai na mara ba, tsorona na mara.

Babanku yana zaune ya ga komai. Da yamma ya ce min, "In da akwai inda ake kai irina, da na kai kaina." A nan na faɗa masa abin da likita ta ce, da tsawon lokacin da na yi ina ɓoyewa. Bai yi min faɗa ba. Ya ce kawai, "Allah ya yafe mana." Da faɗan ya yi da ya fi min sauƙi.

Kada ka ɗauka da ya tashi nema sai ya samu. Ya je sashen ya tambaya, suka yi masa kwatance. Ranar farko ya isa ƙofar, ya wuce, ya zagayo, ya sake wucewa. Ya dawo min da burodi mai zafi a leda ya ce wurin a rufe yake. Na karɓi burodin na ajiye. Mako na gaba ya shiga. Ya tarar da samari ne zalla, yawancinsu ƙwaya ce matsalarsu, suna ta zuba Larabci da sauri. Ya dawo ya ce, "Yara ne sa'o'in ƙannena, ni me zan ce musu?" Har na buɗe baki zan ce to a bari, Allah ya riƙe min harshe. Ya koma ya gaya wa ma'aikacin sashen gaskiya, cewa wurin bai karɓe shi ba. Mutumin bai ji haushi ba. Ya ce akwai wani zaman na manya, ranar Asabar, a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, cikin gonakin dabino a bayan Ƙuba.

Abin da ya faru a can ya ba ni labarinsa sau da yawa, har na iya shi kamar ina wurin. Ya ce ya shiga ya tarar da maza zaune a kan darduma, an jera takalma a ƙofa kamar masallaci. Wani yana zagayawa da butar gahawa. Ka san al'adar mutanen nan, in ka ƙoshi sai ka girgiza finjalinka, ɗan kofin gahawar, mai zubawa ya wuce ka. To babanku ya shanye na farko, ya miƙa yana son ƙari, amma hannunsa yana rawa. Mai zubawa ya ga finjali yana girgiza, sai ya karɓe ya wuce. Babanku ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Har ya fara neman takalminsa da ido.

Sai wani tsoho baƙi mai farin gemu ya ɗaga murya daga kusurwa, ya ce da Larabci, "Dawo ka zuba masa. Wannan ba girgizar ƙoshi ba ce. Duk wanda ke ɗakin nan ya san ta." Aka yi dariya, amma ba dariyar raini ba. Wani ya ce shi a makonsa na farko rabin gahawar a rigarsa ta ƙare. Tsohon ya matso, ya riƙe masa finjalin da hannunsa har ya sha. Sannan ya dube shi ya ce da wata karyayyiyar Hausa, "Kai Bahaushe? Zauna, ɗan'uwa. Ba gudu."

Ammu Salihu ke nan, wanda kuka sani yana kawo mana dabino da salla. Kakanninsa da ƙafa suka zo daga ƙasar Katsina. Ka ga Bahaushen da na yi ta tsoron ya gan shi, shi ne ya riƙe masa kofi. Kuma har yau ko Hajiya Sa'a ba ta ji komai daga bakin mutanen wurin ba.

Yanzu ka san inda babanku yake zuwa ranar Asabar. Da ya ce muku Ƙuba zai je, bai yi ƙarya ba. Yana yin alwala a gida, ya je ya yi raka'a biyu a masallacin, sannan ya bi ta cikin gonaki zuwa wurin zaman. Kai kuwa kana ƙarami sai ka sa farar jallabiyarka ka tsaya a ƙofa, ka ce, "Baba, khudni ma'ak, ka tafi da ni." Ya ce wata rana. Kana kuka yana tafiya. Har ka taɓa ce wa Hajiya Sa'a babanka ya fi son masallaci da kai. Ya ji maganar. Ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Saboda kai yake tafiyar, kuma ba shi da bakin da zai gaya maka.

Ba zan ce maka daga ranar bai sake faɗuwa ba. Ya faɗi sau ɗaya, lokacin da mahaifiyarsa ta rasu bai samu zuwa jana'iza ba. Na ɗauka komai ya rushe. Amma Asabar na zuwa ya yi alwala ya tafi, ya faɗa musu da bakinsa. Ba wanda ya kore shi. Ammu Salihu ya ce masa wanda ya faɗi ya dawo ya faɗa, ya fi wanda ya ɓuya a gida.

To ga abin da nake roƙonka. In ka huta gajiyar hanya, ka je asibiti ka nemi sashen masu shaye-shaye. In kana tsoron abin da za a rubuta a kanka, ko abin da zai kai wurin aikinka, ka tambaye su tun kafin ka faɗi komai. Ni ban san doka ba, ba zan yi maka alkawarin abin da ban sani ba. Abin da na sani shi ne tsoron da ya hana ni tambaya ya fi cutar da mu a kan amsar. Ka tambaye su inda waɗanda suka bari suke zama a garin. In ka je ƙofar ka kasa shiga, ba komai, ka sayi burodinka ka koma, mako na gaba ka sake zuwa. In ka shiga wurin bai karɓe ka ba, ka nemi wani. Ba dole ka yi magana ranar farko ba, babanku ya daɗe yana sauraro kawai. Kuma don Allah, duk ranar da ka sha, kada ka taɓa sitiyari.

Saura abu ɗaya, shi ne na fi jin nauyinsa. Ranar da na ga gorarka, bayan duk abin da na ba ka labari, ka san me na yi? Na mayar da ita bayan katifa, na je na hura gawayi. Hannuna ya yi abin da ya saba tun kafin hankalina ya iso. Babanku ya dawo daga aiki, ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi hayaƙin. Ya dube ni.

"Yau kuma wa ake rufa wa asiri?"

Na ce, "Sauro ne ya yi yawa."

Ya ce, "Hajiya, ni za ki gaya wa sauro? Na riga ki sani. Tun ranar da na ga yana tauna hel da sassafe, yana gaishe ni daga nesa. Na yi shiru ne ina neman ta inda zan fara. Kin ga ni da ke duk mun iya shiru. Shirun nan ne zai cinye shi."

Na ce to ya yi maka magana. Ya gwada. Ka tuna ranar da ya kira ka ɗaki, ya ƙare da tambayarka ko ka duba man mota? Maganar ke nan ta maƙale masa. Shi ya sa aka dawo kan takarda.

Yanzu haka yana zaune a tsakar gida kusa da ƙofa, wai gyaran fanka yake yi. Fankar lafiyarta ƙalau. Tun da muka fara yake nan yana ji. Da na zo wurin farar jallabiyarka sai na ji ya daina taɓa ƙarfen. Ga shi ya leƙo, ya ce Ummi ta rubuta wannan yadda ya faɗa, kada ta gyara:

"Ka gaya wa shugabanka Asabar ta farko kana da uzuri a Madina. Ka zo da alwalarka. Mutanenmu sun san na Yanbu, za su haɗa ka da su. Ka daɗe kana cewa in tafi da kai, na ce wata rana. To ranar ta zo."

Ya koma wurin fankarsa.

Ba mu gaya wa kowa ba, ba kuma za mu gaya ba. Ba ma fushi da kai. Ɗakinka yana nan, na ɗauke gorar, ban kuma kunna turare ba. Ranar Asabar zan dafa tuwo da miyar kuka, ko ka zo ko ba ka zo ba, amma na fi so a ci da kai.

Allah ya kiyaye ka a kan hanya, ya kiyaye ka a ɗakinka lokacin da ba kowa. Allah ya ba ka lafiya, ya sauƙaƙa maka ƙofar da za ka shiga, ya sa ka tarar da mai riƙe maka kofi. Ummi tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka ba ta ji komai ba.

Ta tambaye ni yadda za ta rufe, ko ta sake sa yayan Ummi. Na ce a'a. Na faɗa da bakina, ta rubuta.

Allah ya yi maka albarka, Sulaimanu.

Mahaifiyarka.